Yadda Za Ka Ba da Hayar Ɗakin da Ke Zaune Banza Ka Gina Manhajar Waya a Katsina

A gidaje da yawa na cikin Katsina akwai ɗaki guda da aka garƙame da kwaɗo, ba abin da ke ciki sai tsohuwar katifa, buhunan da aka zazzage da keken ɗinkin da ya daina aiki. Wani shagon saurayi ne da mai shi ya yi aure ya tashi, wani ɗakin baƙi ne da ba a buɗewa sai da sallah. A irin waɗannan gidaje kuma ba a rasa matashin da ke yawo da tunanin wata manhajar waya a kansa, ya zana ta a takarda, ya ba abokai labarinta har sun gaji, abin da ya tsayar da shi kawai kuɗi ne. Banki ba zai ba shi rance ba tunda ba shi da jingina, in ma ya bayar ga kuɗin ruwa. Manhajojin ba da bashi kuwa kowa ya san yadda suke bin lambobin 'yan'uwan mutum suna tozarta shi.

Ɗakin nan zai iya ɗaukar nauyin aikin, amma da sharaɗi: abin da ɗakin ke kawowa shi zai yanke girman manhajar. Wanda ya fara da gina manhajar mafarkinsa, sannan ya juyo yana jiran ɗaki guda ya biya, zai ƙare da manhaja rabi da ɗan haya mai fushi.

Mataki na farko: ɗakin na wane ne?

Tambayar kamar ta raini ce, amma a nan shiri ya fi wargajewa. Idan gidan naka ne, saya ka yi ko ginawa, wuce gaba. Idan na mahaifinka ne, kuɗin hayar nasa ne har sai ya ce ya bar maka. Kada ka tare shi da maganar a tsaye yana shirin fita masallaci. Ka same shi bayan isha'i, ka zauna, ka ce, "Baba, ɗakin nan na ƙofar gida da Yaya ya tashi, izini nake nema in gyara shi in sa ɗan haya na shekara guda, in yi wani aiki na waya da kuɗin." Ka faɗi shekara gudan nan da bakinka, domin dattijo ya fi saurin amincewa da abin da ke da ranar ƙarewa. Zai tambaye ka wa zai shigo, kuma wannan ce damuwarsa ta gaskiya, ba kuɗin ba. Ka bar masa ikon ƙin duk wanda ka kawo in bai kwanta masa ba. Hajiya ma a ji ta bakinta, ita ce ke wuni a gidan, ita za ta san baƙon fiye da kowa.

Gidan gado da ba a raba ba ya fi wuyar sha'ani. Kowane magaji yana da haƙƙi a kowane ɗaki, har ƙanwarka da ke aure a Funtua da marayun da yayanka ya bari. Ko dai manyan su yafe maka hayar shekarar a fili gaban shaidu, ko a rubuta ta bashi a kanka, ko a ba kowa rabonsa ka yi aiki da naka. Rabon maraya ƙarami kuwa ba mai ikon yi maka kyautarsa, a cire a ajiye masa. Idan kai ma haya kake zaune, ba ka da damar sa wani a ɗaki sai da yardar mai gidan, kuma yardar ta zama a rubuce.

Mataki na biyu: lissafi kafin a sayi ko gwangwanin fenti

Ɗauki takarda ka raba ta biyu. Gefe guda abin da ɗaki zai kawo, ɗaya gefen abin da manhaja za ta ci.

Farashin haya sai ka tambayi dillalai biyu ko uku na unguwarku, kowanne shi kaɗai, domin ɗaki a GRA ko Layout ba ɗaya yake da ɗaki a Rafin Daɗi ko Sabuwar Unguwa ba, mai banɗaki a ciki kuma ba a haɗa shi da wanda sai an fita kewaye. Mu ɗauka, don misali kawai, an ce naira 240,000 a shekara. Gyaran farko ya ci 70,000. Ka ware 40,000 saboda abin da zai lalace cikin shekara. Saura 130,000. Wannan shi ne jarinka, ba 240,000 ɗin da dillali ya faɗa ba.

A gefen manhaja akwai kuɗaɗen da ba a ciniki a kansu. Buɗe asusun masu manhaja a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya ake biya. Na Apple dala 99 ne duk shekara, kuma haɗa manhajar iPhone na buƙatar kwamfutar Mac. Ka zagaya Babbar Kasuwa ka dubi hannun mutane: Tecno ne, Infinix ne, itel ne, duk Android. Saboda haka a shekarar farko ka manta da iPhone gaba ɗaya, ko da abokanka na jami'a sun yi maka tsiya. Sai sunan shafin intanet, wanda ake sabuntawa duk shekara, sai wurin ajiye bayanai, inda Firebase, ma'ajiyar bayanai ta Google, ke da matakin kyauta da zai ishi ƙaramar manhaja a farkonta. Sai data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Daga nan hanya ta rabu. Idan kai ne za ka rubuta manhajar da hannunka, da kayan rubuta manhaja irin su Flutter ko Kotlin ko React Native, babban abin da zai ci kuɗinka kwamfuta ce da wuta. Android Studio, shirin kwamfuta da ake haɗa manhajar Android da shi, ba ya tafiya daidai a kwamfutar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta kai gigabait 8 ba, kuma sau da yawa ƙara wa tsohuwar kwamfutarka ƙwaƙwalwa da sabon batir ya fi sayen wata sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuwa wani za ka ɗauka ya rubuta maka, ladansa zai haɗiye kusan duk abin da ya rage, sai ka matse manhajar har ta shiga cikin kuɗin.

Me 130,000 za ta gina? Ba za ta gina kasuwar intanet mai masu kai kaya a jihohi bakwai ba. Za ta iya gina, a ce, manhajar teloli: tela ya rubuta awon mai kaya, ranar da ya yi alkawarin bayarwa, abin da aka ba shi na kafin alƙalami da abin da ya rage, manhajar kuma ta tuna masa kwana uku kafin ranar. Shafi huɗu ko biyar, tana aiki ko babu data. Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela daren sallah yana jiran rigarsa ya san akwai matsalar da ke neman magani a nan. Ni a ganina irin wannan ce manhajar da ɗaki guda zai iya haifa, kuma ta fi manyan tunane-tunane goma da ba su bar takarda ba.

Mataki na uku: gyara ɗakin, amma kada ka ƙawata shi

Abu na farko ƙofa ce. Ginin gidan Bahaushe an yi shi ne don baƙo ya tsaya a zaure, iyali su sake a ciki. Ɗakin da ƙofarsa ke kallon titi ko zaure shi ne ya dace da haya. Idan sai an ratsa tsakar gida kafin a kai gare shi, ko dai a fasa masa ƙofa ta waje a toshe ta ciki, ko kuwa mace za a ba, ɗaliba ko ma'aikaciya, wadda zamanta cikin mata ba zai takura kowa ba. Ba na ba da shawarar a sa namiji baƙo inda zai riƙa sallama yana jiran a kauce kafin ya shiga kewaye. Wata biyu ba za a yi ba sai an samu saɓani.

Na biyu banɗaki. Ɗan ƙaramin kewaye na kansa, ko da a waje ne jikin ɗakin, shi ne gyaran da ya fi ɗaga darajar haya. Na uku rufi: ka hau ka duba kwano da indararo tun da rani, kada ka bari sai ruwan Agusta ya nuna maka inda ke yoyo a kan katifar ɗan haya. Sai taga mai ragar sauro, sakata mai ƙarfi, sabon kwaɗo, fanka guda saboda zafin Afrilu da Mayu, soket biyu masu lafiya. Fenti hannu ɗaya ya isa. Tayil da silin na zamani da labule duk kuɗin manhaja ne kake mannawa a bango.

Wuta da ruwa su ne ke haddasa yawancin rigimar mai gida da ɗan haya. Idan gidan na kan mitar KEDCO mai kati, ka sa mai wayarin ya ɗaura wa ɗakin ƙaramin mita nasa, kowa ya ga abin da ya sha. In ba haka ba, ranar da ɗan haya ya jona abin dafa ruwa ko dutsen guga, katin gida zai ƙare a kwana biyu, kuma ba wanda zai amsa laifi. Idan sola gare ku, a faɗa masa tun farko abin da inbata ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka. Ruwan famfo da ke zuwa gari daga dam ɗin Ajiwa ba kowace unguwa yake samu a kai a kai ba, don haka a yanke tun yanzu: rijiyar burtsatsen gida zai ɗiba, ko jarkar 'yan ga-ruwa zai riƙa saya da kuɗinsa.

Mataki na huɗu: wa za ka ba?

Wannan ya danganta da inda gidan yake. Hanyar Dutsin-Ma har zuwa Batagarawa cike take da ɗalibai, domin a nan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua take, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ɗalibi yakan biya na shekara gaba ɗaya, yawanci iyaye ne ke turowa. Aibinsa shi ne ɗaki na mutum ɗaya yakan koma na mutum huɗu kafin jarrabawa, kuma idan aka shiga yajin aiki irin na ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, zai dawo yana roƙon kada a lissafa masa watannin da ba ya nan.

'Yan bautar ƙasa sun fi dacewa da irin wannan shiri, saboda zamansu kusan shekara guda ne, ranar tafiyarsu sananniya ce, alawus ɗinsu kuma ya koma naira 77,000 a wata tun 2025. Sukan yi mako uku a sansaninsu na hanyar Mani, ranar da aka sallame su da takardar wurin aiki kuwa kowa neman wurin kwana yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗakinka ya zama a shirye mako guda kafin a rufe sansani, kuma ka sanar da shugabannin makarantu da ofisoshin da ke kusa da ku, domin wurinsu baƙin za su fara zuwa suna tambaya. Da yawansu daga kudu suke, al'adarsu da addininsu na iya bambanta da na gidan. Wannan ba aibi ba ne, da dama cikinsu sun fi ɗan gari kiyaye doka, amma adalci shi ne ka faɗa musu dokokin gida kafin su biya, ba bayan sun shimfiɗa katifa ba.

Akwai kuma sababbin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya da ke zuwa sanin makamar aiki na shekara guda a Asibitin Koyarwa na Tarayya, da ma'aikatan banki da aka yi wa canjin wurin aiki suka bar iyali a Kano ko Zariya. Waɗannan ba su cika zama a ɗaki ba, kuma ba a fama da su wajen biya. A Daura ma kasuwar ta buɗe tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri.

Wasu za su ce maka ka sa ɗakin a Airbnb, manhajar ba matafiya hayar masauki, ka riƙa karɓar kuɗin kwana-kwana. A Legas ko Abuja wataƙila. A Katsina baƙon biki gidan dangi yake sauka, mai kuɗi otal yake zuwa, masu zuwa kallon hawan sallah ko sallar Gani ta Daura kuma kwana nawa ne a shekara? Ga wankin zanin gado da jiran baƙo da tsakar dare, duk lokacin da ya kamata ka ba manhaja ne. Abin da ya fi wannan, idan ɗakin na bakin titi ne, shi ne ka ba mai POS ko mai sayar da kayan masarufi ya yi shago, ko ɗan kasuwa ya yi ma'ajiyar kaya. Kaya ba sa kunna rediyo da dare.

Mataki na biyar: bincike, da zuwa wurin mai unguwa

Halin tsaron da jihar ke ciki ya wuce a ba mutum makulli don fuskarsa ta yi kama da ta mutanen kirki. Ka ga katin shaidarsa na ƙasa da idonka, da katin makaranta ko na wurin aiki, ka kira wurin ka tabbatar. Ka nemi ya kawo wanda zai tsaya masa, mutumin da ke zaune a garin kuma aka san gidansa. Wanda ya zo da kuɗin shekara biyu a hannu, yana sauri, ba ya son tambaya, ka bar shi ya wuce ko da kuɗin sun yi maka kyau.

Sannan ka ɗauke shi ku je wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ga baƙon da zai zauna a ɗakin ƙofar gidanmu na shekara guda, a wuri kaza yake aiki, na ce bari in kawo shi ka san da zamansa." Minti goma ne, amma ranar da wata magana ta taso, kai da baƙon duk kun samu inuwa. Maƙwabcin da katangarsa ke jikin ɗakin shi ma a gaya masa.

Mataki na shida: a rubuta

Cikin abin da malaman fiƙihu suka sharɗanta wa haya akwai abu biyu: a san wa'adinta, a san kuɗinta. Takardarka ta fara da su, ranar shiga, ranar fita, adadin kuɗi da yadda za a biya. Sai a ƙara mutum nawa za su kwana a ɗakin, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, wa ke biyan wuta da ruwa, wane gyara ne na mai gida wane ne na ɗan haya, da yadda za a yi idan ɗayanku ya so a rabu kafin lokaci. Batun baƙi a rubuta shi ƙarara, ba da habaici ba. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hoton ɗakin ranar da aka miƙa makulli. Duk kuɗin da ya shigo a ba da rasit.

Idan takarda ba ta faɗi wa'adin tashi ba, abin da dokokin haya na jihohi da dama suka tanada shi ne notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, na wata shida ga mai biya shekara-shekara. Saboda haka ka rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, kuma ka ba lauya ya duba maka shafin, ladansa bai kai kuɗin zaman kotu ɗaya ba. Ko ɗan haya ya ƙi biya, ba ka da hurumin cire masa ƙyaure ko yanke masa wuta ko watsa masa kaya waje. Kotu ce ke tayar da mutum.

Mataki na bakwai: ranar da kuɗi suka shigo

Wannan ita ce rana mafi haɗari a duk shirin. Kuɗin shekara sun faɗo a dunƙule, ga bikin aboki, ga wayarka ta tsage, ga ƙane yana neman kuɗin rajista. Ka buɗe asusu daban tun kafin ranar, wanda katinsa ba ya kwana a aljihunka. Ka tuna kuma wanda ya biya shekara ya sayi wata goma sha biyu ne da ba ka riga ka ba shi ba. Idan aka yi masa canjin wurin aiki a wata na huɗu kuma yarjejeniya ta ce a mayar masa da wani abu, ko masai ya cika, ko iska ta yaye kwano, daga cikin kuɗin nan za a fitar. Shi ya sa kason ajiya, 40,000 ɗin nan da ka ware, ba na manhaja ba ne, ko da saura ƙiris a gama ta.

Daga kason manhaja, fara biyan abin da ake biya da dala. Haya da naira take zuwa kuma ba ta motsi sai shekara ta zagayo, dala kuwa ba ta jira. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala na gwamnati bai kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ka tambayi bankinka ko katinka na wucewa a biyan kuɗin ƙasashen waje kafin ka zauna gaban kwamfuta. Asusun Google Play kuwa ka buɗe shi da sunanka da katin shaidarka, amma sai manhajar ta kusa fita, domin Google na rufe asusun da aka buɗe aka bari ba a amfani da shi.

Mataki na takwas: kashe kuɗin gaɓa-gaɓa

Kafin a rubuta layin kod ko ɗaya, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ka zana shafukan manhajar a takarda ka kai wa teloli biyar. Ka zauna ka ga yadda suke rubuta awo a littafinsu, wace kalma suke amfani da ita, me suke mantawa. Wani zai ce maka shi matsalarsa ba awo ba ce, yaran shago ne ke karɓar kuɗi ba sa faɗa. Wannan maganar kaɗai za ta iya sauya fasalin manhajar, kuma ba ta ci ko sisi daga kuɗin ɗaki ba.

Idan ɗaukar mai haɗa manhaja za ka yi, kada ka ba shi kuɗin duka, ko ɗan ajinku ne. A raba aikin uku ko huɗu, kowace gaɓa da abin da za ka riƙe a wayarka ka taɓa: shafukan da ke buɗewa, sai ajiye awo da nemo shi, sai tunatarwa, sai gyaran kurakurai bayan gwaji. Kaso na ƙarshe ya zama mai tsoka, don kada a bar ka da aiki saura kwata. Kod ɗin ya zauna a asusunka na GitHub, shafin da ake ajiye kod, kai ka gayyace shi ciki, ba shi ya gayyace ka ba. Asusun Firebase da makullin sa hannun manhaja, wanda ake bukata duk lokacin da za a sabunta ta, su ma naka ne. Mutane da yawa sun biya kuɗin manhaja, ranar da suka saɓa da wanda ya rubuta suka gano ba su mallaki komai ba sai hoton tambari. A rubuta wannan yarjejeniyar ma kamar ta ɗaki. Matasan da suka koyi aikin ba su yi ƙaranci a garin ba, daga ɗaliban kwamfuta na jami'o'in nan zuwa waɗanda suka bi shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Ka ce a nuna maka manhajar da mutum ya gama tana aiki a waya, ba takardar shaida ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar Google Play, ana iya tura fayil ɗin manhajar ta WhatsApp a saka a waya. Ka gwada ta a ƙaramar itel mai cikakkiyar ma'ajiya, ba a wayarka mai tsada ba. Idan aka zo ɗorawa, ka san cewa sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane sai sun yi gwajin rufe, wato na zaɓaɓɓun mutane kawai, da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin Google ya bari manhaja ta fita ga kowa. Mutum 12 masu adireshin Gmail da za su bar manhajar a wayarsu mako biyu ba su da sauƙin tarawa kamar yadda ake zato, don haka ka fara rubuta sunayensu tun ana gini, ka tara fiye da adadin. Ka kuma dubi kalanda: tela ba shi da lokacin koyon sabon abu a cikin azumi. Manhajar ta shiga hannunsa tun Rajab ko farkon Sha'aban, don lokacin da kaya suka yi masa yawa ya riga ya saba.

Google zai nemi ka bayyana irin bayanan da manhajar ke tarawa, da shafin da ke faɗin yadda kake kare su. Kada ka ɗauki wannan cike fom kawai. Awon jikin matan mutane da lambobin wayarsu ne za su zauna a ciki, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Abin da manhaja ba ta buƙata kada ta tambaya. Kwafin katin shaidar ɗan hayarka ma haka, a kulle shi, ba a bar shi a hotunan waya yara suna wasa da ita ba. Wani abin da ya kamata Baba ya sani tun da wuri: mai asusun kansa da ya fara karɓar kuɗi ta Google Play, adireshinsa na fitowa a shafin manhajar. Idan ba a son na gida ya fito, sai a yi tunanin rajistar kamfani a hukumar CAC da adireshin wurin aiki, wanda shi ma kuɗi ne da za a sa a lissafin gaba.

Wata na tara

Saura wata uku haya ta ƙare, lokacin yanke shawara ya yi. Ka ƙirga teloli nawa ne suka buɗe manhajar a makon nan ba tare da ka kira su ba, nawa ne kuma suka yarda su biya ko ɗari biyar a wata. Idan akwai su, ka koma wurin Baba da wayar a hannu ka nuna masa, ka nemi shekara ta biyu. Idan babu, ka dakatar da kashe kuɗi a kanta, abin da ya rage a asusu ya zauna. Ɗan hayan kuma ba ruwansa da nasarar manhaja ko faɗuwarta: in mutumin kirki ne a sabunta masa, in ana son ɗakin a sanar da shi yanzu a rubuce, ya samu lokacin neman wani.

Ko manhajar ta karɓu, kashe kuɗi bai ƙare ba. Google na ɗaga matakin Android da manhajoji za su dace da shi duk shekara, wa'adin yakan faɗo ƙarshen Agusta, wadda aka daɗe ba a sabunta ba kuma takan daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Ladan wannan sabuntawa da kuɗin sunan shafin intanet su ne farkon abin da za ka cire daga hayar shekara ta biyu.